Haƙƙin Mace A Gona Da Albarkar Rumbu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya abincin bayinSa a cikin ƙasa, Ya kuma mai da wahalar nemansa ibada ga wanda ya tsarkake niyya. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya zaga ƙauyuka lokacin kaka, sa'ad da ake ɗaurin hatsi ana kaiwa rumbu, zai iya lura da wani abu wanda yawan ganinsa ya sa an daina mamakinsa. Ga gonaki biyu maƙwabtan juna, ruwan sama ɗaya ya sauka a kansu, rana ɗaya ta haska su, amma ta maigida ta cika amalanke, ta uwargida kuwa ko mangalar jaki ba ta cika ba. In aka yi tambaya sai a ce ai noman mata ke nan, ba ya wuce na miya. To, abin da ya kamata kowane Musulmi mai hankali ya tsaya ya auna shi ne, shin wannan ƙarancin daga halittar mace yake, ko kuwa daga abin da mutane suka hana ta? Domin in daga halitta ne, babu laifin kowa, sai haƙuri. In kuwa daga hani ne, to, magana ta bar hannun malamin gona shi kaɗai, ta shiga babin haƙƙi, shi kuwa haƙƙi abu ne da za a tsayar da mutum a kansa gobe Ƙiyama.

Rabon mata a aikin noma

Hausawa suna yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Tun can asali tsarin noman ƙasar Hausa kashi biyu ne. Akwai gandu, watau babbar gonar gida wadda maigida ke shugabanta, daga cikinta ake ci, ake biyan haraji, ake yi wa 'ya'ya aure. Akwai kuma gayauna, wadda mutanen Maraɗi da kewaye suke kira gamana, watau ƙaramar gonar da ake yankar wa mace ko saurayi, su noma a ranakun da aikin gandu ya sake su, abin da ta ba da kuwa nasu ne. A wuraren da aure na kulle ya yi ƙarfi, kamar ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, matan aure da yawa ba sa riƙe fartanya, amma fa hatsi ba ya zama abinci sai ya bi ta hannunsu. Su ke sussuka da shiƙa da surfe, su ke ɓarar gyaɗa su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, su ke turara shinkafa, su ke kiwon awaki da tumaki da kaji waɗanda takinsu ke komawa gona. Zawarawa da tsofaffi da matan gidajen da ba su da hali kuwa, su kan fita shuka da cirar ciyawa da roron wake da tsinkar auduga.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2011 cewa mata su ne kashi 43 cikin 100 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa. Wani binciken da ma'aikatan Bankin Duniya suka buga a 2017 ya auna aikin da ake yi cikin gona kawai, ya tarar rabon mata a Nijeriya kashi 37 ne cikin 100, a Nijar kuwa kashi 24. Wannan ya gaza abin da wasu masu jawabi kan faɗa, cewa mata ke noma kashi 70 ko 80 na abincin Afirka, kuma gaskiya ba ta bukatar ƙari. Ko da kashi ɗaya ne cikin huɗu, al'ummar da ta bar rubu'in hannayenta babu kayan aiki ta yi wa rumbunta ɓarna da kanta.

Abin da awo ya nuna

A 1996 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke mai suna Christopher Udry ya buga sakamakon nazarin da ya yi kan gidajen manoma a Burkina Faso. Abin da ya sa nazarin ya yi suna shi ne, ya gwada gonar miji da ta matarsa a cikin gida ɗaya, shekara ɗaya, shuka iri ɗaya. Ya tarar amfanin da gonar mace ke bayarwa ya gaza na namiji da kimanin kashi 30 cikin 100. Da ya bi sawun dalili, sai ya ga kusan dukkan takin gidan a gonar namiji ake zubawa, haka kuma aikin samari da yara can ya fi karkata. Ya lissafta cewa da za a sake raba takin nan da aikin nan tsakanin gonakin gida, ba tare da an sayo ko da tiya ɗaya daga waje ba, abin da gidan ke girbewa zai ƙaru da kimanin kashi 6 cikin 100.

A 2014 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan ƙasashe 6, watau Habasha da Malawi da Nijar da Nijeriya da Tanzaniya da Uganda. Bayan an yi la'akari da girman gona da yankin da take, an tarar tazarar da ke tsakanin amfanin gonar namiji da na mace ta kama daga kashi 23 cikin 100 a Tanzaniya har zuwa kashi 66 a Nijar. Shi kuma rahoton 2011 da aka ambata a baya ya ƙiyasta cewa da mata za su sami ƙasa da taki da iri da bashi daidai da maza, amfanin gonakinsu zai iya ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, abin da zai iya rage yawan masu kwana da yunwa a duniya da mutum miliyan 100 zuwa 150. Wannan na ƙarshe ƙiyasi ne, amma inda dukkan awon ya haɗu shi ne, mafi yawan tazarar tana bin sawun abin da ya shiga gonar da kuma ikon da mai ita ke da shi a kanta. Ƙasa ba ta tambayar hannun da ya jefa iri na wane ne, abin da aka ba ta shi take mayarwa.

Inda amfanin yake zurarewa

Kafa ta fari ita ce ta lokaci. Kowane manomi ya san cewa a ƙasar da damina ba ta wuce wata uku ko huɗu ba, kwana goma na iya raba mai rumbu da mai awo. Ruwan shuka ya sauka, sai gida duka ya nufi gandu. Sai an gama can sa'an nan a waiwayi gayauna, lokacin laima ta fara janyewa. Haka noman firi, haka maimai. Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa, kafin uwargida ta gama daka da ɗebo ruwa da neman itace da renon goyo, ta riga ta shanye abincin da gero zai ci. Mace kuma ba ta da bakin kiran gayya kamar namiji, in kuwa za ta ɗauki 'yan ƙwadago sai da kuɗi a hannu, su kuma su kan fara da gonar wanda suke jin nauyinsa.

Kafa ta biyu ita ce ta taki. Buhun farko da aka zuba wa gona mai yunwa ya fi buhu na biyar da aka ƙara wa gonar da ta ƙoshi amfani nesa ba kusa ba. Saboda haka maigidan da ya tara taki duka a gandu ya bar gayauna fayau, lissafinsa na gida gaba ɗaya ya karye, ko da yake idonsa na ganin gandu ya yi kyau.

Kafa ta uku, wadda ta fi sauran zurfi, ita ce ta rashin tabbas. Yawancin gonar da ke hannun mace aro ce daga miji ko ɗan'uwa. Ana iya karɓe ta in aure ya mutu, ko maigida ya rasu, ko ɗa ya isa aure yana bukatar wuri. Alhali gyaran ƙasa aiki ne na shekaru. Takin shanu da aka kai bana sai baɗi da baɗin baɗaɗa zai nuna kansa sosai, gawon da aka bari ya tsiro sai an yi shekaru kafin ya fara zubar wa gona ganye. Wa zai kwashi takin awakinsa a ka ya kai gonar da ya san in ta yi kyau za a karɓe? Wani nazari da aka buga a 2008 kan yankin Akwapim na Gana ya nuna cewa waɗanda ba su da ƙarfin faɗa a gari, galibinsu mata, suna tsoron barin gona ta huta ta zama saura don kada a ƙwace ta, saboda haka ƙasarsu ke gajiya, amfaninta ya ragu.

Kafa ta huɗu ita ce ta sani. Malamin gona yawanci namiji ne, a dandali ko ƙofar gidan mai unguwa yake tara maza. Labarin irin wake mai saurin nuna, ko yadda ake yaƙar wuta-wuta, ko buhun nan mai ruɓi uku da ke hana wake ƙwari ba tare da magani ba, sai ya tsaya a zaure, ita kuwa mai ajiyar iri da mai adana hatsi tana cikin gida.

Matsayin Shari'a

Musulunci bai jira rahoton kowa ba kafin ya yi hukunci a kan wannan. Mace a Shari'a mai cikakken ikon mallaka ce. Sadakinta nata ne, gadonta nata ne, abin da ta samu da guminta nata ne, aure kuwa ba ya haɗe dukiyarta da ta mijinta. Tana saye, tana sayarwa, tana ba da haya, tana ɗaukar wakili. Iyakar da malaman Malikiyya suka ambata ta shafi kyauta ce kawai, watau in matar aure za ta bayar da fiye da sulusin dukiyarta ba da musaya ba, miji yana da ta cewa. Wannan bai ba shi ikon cin ko da zangarniya ɗaya daga gonarta ba sai da daɗin ranta.

Suratun Nisa'i ta yanke wa mata rabo a cikin abin da iyaye da makusanta suka bari, ƙanƙani ne ko mai yawa. 'Ya ɗaya tilo tana da rabi, biyu ko fiye suna da sulusi biyu in babu ɗa namiji, in akwai shi kuwa yana ɗaukar rabon mata biyu. Matar mamaci tana da rubu'i in babu 'ya'ya, sumuni in akwai. Babu inda aka ware gona daga cikin abin da ake gada. Malaman hadisi, cikinsu har da Tirmizi da Abu Dawuda, sun ruwaito cewa bayan Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a Uhudu, ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka, sai matarsa ta kawo 'ya'yanta mata biyu wurin Manzon Allah, mai tsira da aminci, ta kai kuka. Da hukuncin gado ya sauka, aka umarci baffan ya ba 'ya'yan sulusi biyu, ya ba uwarsu sumuni, ya riƙe abin da ya saura. Mutanen Madina kuwa manoma ne, babbar dukiyarsu gonakin dabino.

Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa an saki innarsa, ta yi nufin fita ta yanki dabinonta, wani mutum ya tsawata mata. Da ta kai magana ga Annabi, mai tsira da aminci, sai ya ba ta izini ta je ta girbe, ya kuma nuna cewa wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Har ila yau a cikin Muslim, sanannen hadisin nan da ke bayyana cewa duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi, a wata ruwaya an faɗe shi ne a cikin gonar dabinon wata mace Ba'ansariya, Ummu Mubashshir. Daɗin daɗawa, zakkar hatsi ba ta bambanta namiji da mace ba. In amfanin gonarta ya kai ausuƙi 5, ushiri ya hau kanta in ruwan sama ne ya shayar, rabin ushiri in da wahalar ban ruwa ne. Shari'ar da ta ɗora wa mace zakkar gona lalle ta amince da ita a matsayin mai gona.

Duk da haka, al'adar da ta yaɗu a wurare da yawa ita ce, in uba ya rasu a raba tufafi da dabbobi da kuɗi, gona kuwa 'yan'uwa maza su ce sun riƙe wa 'yar'uwarsu. Shekara ta fari a kai mata dami biyu, ta biyu a kai ɗaya, ta uku a kai gaisuwa. In ta yi magana a ce ba ta da kunya, tana son raba zumunci. Alhali Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, cewa za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Hadisin bai keɓe ƙasar 'yar'uwa ba, kuma shirun da kunya ta haifar ba yafewa ba ne.

A kudancin Nijar an ga inda wannan hanya ke kaiwa. Wani nazari da Marthe Diarra da Marie Monimart suka buga a 2006 ya nuna cewa da jama'a suka yi yawa gonaki suka ƙuntata, gamanar mata ce aka fara janyewa, har a wasu ƙauyuka aka riƙa fakewa da kulle don a hana su gona, aka sami 'yan mata sun tashi ba su san shuka ba. Abin lura kuma shi ne, matan da suka tashi neman mafita, hukuncin gado na Musulunci suka riƙe hujja a gaban sarakuna da malamai.

Hujjojin masu hanawa

Masu wannan al'ada suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su da adalci. Ta fari, suna cewa in aka yanka wa kowace 'ya rabonta gona za ta daddatse har ta kasa ciyar da kowa. Damuwar gaskiya ce, amma fiƙihu bai bar ta babu magani ba. Magada suna iya barin gona a haɗe su yi tarayya, a riƙa raba amfani gwargwadon rabon kowa, ko su yi karɓa-karɓar nomanta, ko ɗaya ya sayi rabon ɗaya da farashin da masana suka ƙimanta, da yardarta, a gaban shaidu. Ƙanƙantar gona dalili ne na neman dabara, ba ya zama dalilin a ɗora hasarar duka a kan mai rauni.

Ta biyu, suna cewa mace za ta kai gonar gidansu gidan wani. Wannan ma malamai sun daɗe da duba shi. Babin shuf'a, wanda ɗaliban Risala suka sani, ya ba abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba ikon karɓar rabon da aka sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya. 'Ya'yan da za su ci gonar kuwa jikokin mai ita ne.

Ta uku ita ce ta fi nauyi. Suna cewa ciyarwa a kan miji take, me mace za ta yi da gona? Gaskiya ne ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kan miji, ko da matar ta fi shi dukiya, kuma ba shi da ikon tilasta mata noman gandunsa. Amma wajibin da ke kan wani ba ya soke mallakar wani. Sa'an nan kowa ya san ƙauyukan da maza ke tafiya cin rani su bar mata da yara wata shida, ya san zawarawa da matan da aka mutu aka bar musu marayu, ya san gidajen da rumbun maigida ke ƙarewa tun bazara, sai ɗan abin da uwargida ta ɓoye ya kai gida ga sabon hatsi. Matar da ke cikin kulle ma mallakar gona ba ta tilasta mata fita, tana iya sa ɗanta ko wakili ko 'yan ƙwadago, kamar yadda attajirin birni ke noma bai taɓa riƙe garma ba.

Darasi daga Gambiya

Sai dai akwai abin da ake kira taimakon mata wanda ƙarin kaya ne kawai. A Gambiya, matan Mandinka su ne manoman shinkafar fadama tun kaka da kakanni, kuma tsarinsu ya yi kama da na Hausa, akwai gonar gida da suke kira maruo, akwai ta mutum shi kaɗai da suke kira kamanyango. A 1984 aka buɗe babban aikin ban ruwa na Jahaly-Pacharr, da niyyar a ƙara yawan shinkafa kuma mata su amfana. Amma da aka gyara fadamun aka sa injuna, sai filayen da yawa suka koma matsayin gonar gida a ƙarƙashin magidanta. Aiki ya zama na rani da damina, mata ke dashe da cirar ciyawa, amfani kuwa yana hannun wani. Sai rigima ta shiga gidaje, wasu matan suka ce sai an biya su, wasu suka janye hannu suka koma wasu sana'o'i. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya ƙara wa mace aiki bai ƙara mata iko a kan abin da aikin ya haifar ba, zaluncin ya faɗaɗa, kuma ko ta fuskar yawan amfani ba zai daɗe yana cin riba ba, domin ɗan Adam ba ya sakin ƙarfinsa duka a kan abin da ya san ba zai ci ba.

Riba ko haƙƙi

A nan ne tambayar ta kai ga asalinta. Masu tsara tattalin arziki suna cewa a ba mata ƙasa da taki domin abinci ya ƙaru. Maganarsu tana da amfani, amma in aka tsaya a kanta kaɗai akwai haɗari. Domin in riba ce kaɗai dalili, ranar da wani ya zo da lissafin da ya nuna cewa haɗe gonaki a hannun babban wa ya fi kawo buhuna, sai a ce a ƙwace. Musulmi kuwa yana ba 'yar'uwarsa gadonta ne domin Wanda Ya halicci ƙasar Shi Ya yanka mata, ko gonar ta ba da dami ɗari ko ta ba da ƙaiƙayi. Baffan 'ya'yan Sa'adu ba a tambaye shi wa ya fi iya kula da dabino ba kafin a umarce shi ya mayar.

Amma kuma kuskure ne a ce lissafin ba shi da wuri a wajen mai imani. Ƙarin amfanin gona shaida ne, yana nuna cewa umarnin Allah da maslahar bayi tafiyarsu ɗaya. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa zalunci yana cinye albarka, adalci yana raya ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka wannan magana ce ta gaibu kawai. Ga shi masu awo, waɗanda ba wa'azi suka fito yi ba, sun bi gona-gona da ma'auni sun nuna ƙofofin da albarkar ke fita: shukar da ta makara, takin da aka tara wuri ɗaya, itacen da ba a dasa ba don tsoron ƙwace. Hasarar kuma ba ta tsaya kan matar ba. Ta shafi yaron da kunun safe ya gagara, ta shafi miskinin da zai karɓi zakkar da ba ta kai nisabi ba, ta shafi farashin tiya a kasuwa, har ta dawo kan shi wanda ya yi hanin.

Abin da ya rage ga jama'a

Gyara yana farawa daga zaure. Wanda ya san akwai rabon 'yar'uwarsa ko gwaggonsa ko matar mahaifinsa a cikin gonar da yake nomawa, ya kira malami da shaidu a fitar mata tun yana da rai, a rubuta, domin magadansa ba za su san abin da ya sani ba. Maigidan da ya ba matarsa gayauna ya faɗi shekarun da ya ba ta a gaban mutane, ya sa mata rana cikin kwanakin shuka na fari, ya ɗiba mata daga takin gida, abin da ta girbe kuwa ya kau da ido daga kansa. Alƙalai da masu rabon gado da dagatai su ƙi sa hannu a kan rabon da aka ɓoye gona. Limamai su sa babin gado cikin huɗuba da tafsiri kamar yadda suke sa babin biyayyar aure, domin Sura ɗaya ce ta zo da su.

Ta wajen sani da jari kuwa, ƙasar nan tana da abin koyi daga gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis, watau dattijan mata amintattu, ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Hukumar aikin gona da ke son saƙonta ya wuce zaure ba ta da hanyar da ta fi wannan, ta horar da mata malaman gona su shiga gida-gida. Haka kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a yankin Maraɗi a 1991 bisa tushen adashin da aka saba, sun nuna cewa matan ƙauye suna iya tara nasu su juya shi, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Abin da ke kan malamai shi ne su nuna musu hanyoyin ciniki da tarayya da Shari'a ta halatta, don jarin ya tsira daga riba.

Abin da mutum ya shuka shi zai girba, a gona da kuma a Lahira. Allah Ya ba magidanta ikon sauke haƙƙin da ke wuyansu, Ya sanya albarka a gandu da gayauna baki ɗaya, Ya ba da damina mai amfani, Ya kare al'ummar Musulmi daga yunwa da cin haƙƙin mai rauni. Amin.